Yadda na fara shiga jirgin sama marar inji a wani ƙauyen Jamus

Tun da labari ya bazu a tsakanin 'yan uwanmu da ke zaune a Jamus cewa na shiga jirgin sama marar inji, tambayoyi ba su yanke ba. Wani ya ce nawa ake biya, wani ya ce sai da wace takarda, wani kuma abin da ya dame shi shi ne yadda jirgin da ba shi da inji zai tashi har ya dawo da mutum lafiya. Ni ma kafin in shiga na sha ruɗani, domin ban samu inda aka bayyana abin daki-daki yadda baƙo zai gane ba. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda abin ya gudana tun daga farko, ko wani zai huta da kai-komon da na yi.

Ina koyon noma da kiwo ne a wata gonar shanun madara da ke wani ƙaramin ƙauye a yankin tsaunukan Rhön, gabas da birnin Fulda a jihar Hessen. Koyon na shekara 3 ne, wasu ranaku a gona, wasu a makarantar koyon sana'a. Ƙarfe 5 da rabi na asuba muna ɗakin tatsa, da yamma mu sake komawa, ko ranar hutu ce ko ba ranar hutu ba, don saniya ba ta san Lahadi ba. Motar kamfanin madara takan zo bayan kwana bibbiyu ta zuƙe tanki. Babu kanti a ƙauyen sai motar mai burodi da ke zagayowa. Ranar Lahadi kuwa ko a gari kantuna a rufe suke, kuma ba mai tayar da injin yankan ciyawar ƙofar gidansa, don kada ya dami maƙwabta. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, duk wata harkar ƙauye a hannun ƙungiyoyi take: akwai ta 'yan kwana-kwana na sa kai, akwai ta masu bushe-bushe, akwai ta 'yan ƙwallo, akwai ta matan ƙauye. Wanda ba ya cikin ko ɗaya zai iya shekara a nan bai san kowa ba sai gaisuwar hanya. Harkar jirgi marar inji ma a hannun irin waɗannan ƙungiyoyi take, kuma wanda bai fahimci haka ba tun farko zai yi ta jin kamar ana yi masa wulaƙanci, alhali ba haka ba ne.

Wata rana a watan Yuni, bayan mun yi yankan ciyawa na farko mun kwashe, ina kan tarakta sai na hango wani farin abu mai dogayen fukafukai siri-siri yana saukowa ba ko ƙara. Ya bi gefen fili, ya juyo, ya sauka a kan ciyawar da muka yanke, ya ɗan gangara ya tsaya, fiffike ɗaya ya kwanta a ƙasa. Na yi salati na sauka a guje, a zatona haɗari ne. Ina isa sai ga wata mata, za ta kai shekara hamsin, ta buɗe murfi ta fito tana waya hankalinta kwance. Maigidana ya zo bai ko yi mamaki ba. Suka gaisa, suka bi sawun tayar tare, ya ga ba abin da ya lalace, ya ce ba komai. Daga baya ya yi mini bayani cewa dokar sufurin jiragen sama ta Jamus ta yarda mai irin wannan jirgi ya sauka a gonar mutane idan iskar da ke ɗauke da shi ta ƙare. Abin da ke kansa shi ne ya ba mai gona sunansa da adireshinsa da na kamfanin inshora, idan an yi ɓarna a biya, shi kuma mai gona ba shi da ikon hana a ɗauke jirgin. Can sai ga mutanenta da mota tana janye da wata doguwar tirela. A gabana suka zare ƙusoshi, suka cire fukafukan, suka tura komai ciki. Da ta ga na kasa ɗauke ido sai ta ce mini: "Ka zo filinmu ranar Asabar ko Lahadi idan gari ya yi kyau, a ɗauke ka."

A nan ruɗanin farko ya fara. Hanya biyu ce ga wanda ke son ya gwada. Akwai makarantu masu ma'aikata da ake biya, kamar wadda ke kan dutsen Wasserkuppe, inda za ka kama lokaci tun da wuri, ka biya, ka zo a ɗauke ka, sai dai kuɗinsu ya fi yawa. Akwai kuma ƙananan ƙungiyoyin ƙauye, inda kowa aikin sa kai yake yi, tun daga malamin tuƙi har mai sharar rumfa, kuma galibi ƙarshen mako da ranakun hutu kawai suke tashi, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Ni ƙungiyar matar nan na nufa. Na aika musu da imel, aka kwashe makonni shiru, har na fara tunanin ko ganin sunana ne ya sa aka share ni. Ashe wanda ke duba saƙonnin ma'aikacin wani kamfani ne, sai ya samu sarari yake buɗewa. Uwargidan maigidana ce ta ce in daina jiran saƙo, in buga waya ranar Asabar da hantsi, lokacin da suke fili. Haka na yi, nan take aka ɗauka.

Wanda ya ɗauki wayar bai tambaye ni takardar zama ba, bai tambaye ni lasin ba, bai ce sai na je wurin likita ba. Tambayarsa ta farko ita ce nauyina nawa. Ya ce kujerar jirgin da ake ɗaukar baƙi da shi ba ta ɗaukar fiye da kilo 110, kuma a cikin lissafin har da laimar sauka da za a goya maka. Ya tambayi tsawona, ya tambaya ko ina da ciwon zuciya ko farfaɗiya ko wani abin da ke sa ni suma. Ya ce wanda bai kai shekara 18 ba sai da sa hannun iyaye. Sannan ya lissafa abin da zan zo da shi: katin shaida, tsabar kuɗi don ba su da na'urar karɓar kati, rufaffen takalmi, tabarau na rana, hula marar baki mai tsawo don kada ta tare ido ko ta goge murfin jirgi, da ruwan sha. Kada in zo da yunwa, kada kuma in cika ciki. Abin da ya fi nanatawa shi ne ba zai iya ba ni lokaci ba, rana kawai zai ba ni, ita ma sai in buga da safe in ji ko za a tashi.

Samun ranar ya fi komai wuya, kuma dalilin na manomi ne. Ranar da masu jirgi ke so, wato rana ta buɗe, iska busasshiya, ga fararen gizagizai jefi-jefi, ita ce ranar da manomi ke jira ya yanka ciyawa ya shanya ya yi ingirici. Idan hasashen yanayi ya nuna kwana uku a jere ba ruwa, duk ƙauyen sai ya tashi, taraktoci har dare. A irin wannan lokaci ba ɗan koyon da zai buɗe baki ya ce a ba shi hutu zai je shawagi. Ina samun hutun ƙarshen mako ne bayan mako bibbiyu, kuma sau da yawa idan nawa ya zo sai a wayi gari da yayyafi, ko gajimare ya sauko ya rufe kan tsaunuka. Akwai ranar da na shirya tsaf, na isa fili, aka ce iska ta yi ƙarfi kuma daga gefe take bugowa, ba za a tashi da baƙo ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba wanda ya ba ni haƙuri da yawa, don a wurinsu wannan ba wani abu ba ne.

A ranar ne wani dattijo daga cikin malaman tuƙin, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ce tun da na riga na fito in zo ya kai ni Wasserkuppe in ga gidan tarihi. Dutsen shi ne mafi tsawo a Hessen, mita 950, kansa fili ne na ciyawa ba itatuwa sosai. A hanya ya ba ni labarin yadda abin ya samo asali. Otto Lilienthal ne ya fara tsalle daga tuddai da fukafukan da ya ƙera tun 1891, har ya rasa ransa a kan haka a 1896. A 1911 wasu ɗalibai daga Darmstadt suka fara zuwa wannan dutse suna gwada nasu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yarjejeniyar Versailles ta takura wa Jamus a harkar jirage masu inji, sai masu sha'awar tashi suka koma ga marar inji, aka yi gasar farko a nan a 1920. A 1922 Arthur Martens ya yi sa'a guda da 'yan mintuna a sama ba inji, a 1924 aka buɗe makarantar tuƙi a kan dutsen. A gindinsa kuma akwai garin Poppenhausen, inda wani kafinta, Alexander Schleicher, ya kafa masana'anta a 1927, wadda har yau take ƙera jirage. Dattijon ya nuna mini tsoffin jiragen katako da yadi a rataye, ya ce wanda zan shiga ma daga Poppenhausen ya fito, sunansa ASK 21, an fara tashi da irinsa a 1979. Wannan yawon ya rage mini tsoro fiye da duk wani lallashi, don na ga abin ba wasan yara ba ne, sana'a ce da aka shafe fiye da shekara ɗari ana gyara ta.

Ranar da Allah ya nufa wata Lahadi ce a watan Agusta. Ina da tikitin wata-wata na ƙasa baki ɗaya, wanda a lokacin Yuro 49 ne, amma bai amfane ni ba, domin ranar Lahadi bas ba ta bi ta ƙauyenmu sai wadda ake kira ta waya tun da wuri, ita ma ba ta zuwa kusa da filin. Keke na hau bayan tatsar safe, wadda na karɓar wa wani don ya karɓar mini ta yamma. Na isa wajen ƙarfe 9. Filin ciyawa ne kawai mai tsawon kamar kilomita ɗaya, da rumfar jirage, da wani ɗan ɗaki na shan kofi. Aka taru a tsaye, shugaban fili na ranar ya karanta hasashen yanayi, ya faɗi ta inda iska ke zuwa da gefen da za a tashi, aka raba aiki: wane zai zauna a injin jan igiya, wato injin da ke can ƙarshen fili yana naɗe doguwar igiyar da ke jan jirgi har ya tashi, wane zai tuƙa motar dawo da igiya, wane zai riƙe littafin rubuta tashi da sauka. Aka gabatar da ni, kowa ya faɗi sunansa na yanka. A nan ba a kiran kowa da muƙami, likita da ɗan makaranta duk ɗaya.

Daga nan aka fara fito da jirage daga rumfa da hannu, a hankali, don an cusa su ne fiffike a kan fiffike. Ana duba kowanne tun daga hanci har wutsiya kafin ya tashi. Wata yarinya 'yar shekara 15 ce aka haɗa ni da ita ta koya mini dokokin fili, kuma ta faɗe su ba wasa a fuskarta: kada in taka igiya ko in tsallake ta ko da tana kwance, kada in wuce ta gaban jirgin da aka riga aka maƙala wa igiya, kafin in ƙetare fili in duba sama hagu da dama domin jirgin da ke sauka ba ya ƙara, kada in dafa murfin jirgi, kuma duk wanda ya ga wani abu ba daidai ba yana da ikon ɗaga hannu ya yi ihu a tsaya, ko da baƙo ne. Sai jira. 'Yan koyo ne suka fara tashi, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce in yi aiki, amma da na ga kowa na gudu ya turo jirgin da ya sauka, sai na shiga. Abin ya yi mini kama da gayyar noma a gida: mutum ɗaya ba ya tashi sai aƙalla mutum huɗu ko biyar sun tsaya masa a ƙasa, shi ma idan ya sauko ya tsaya wa wani. Daga lokacin da na sa hannu fuskokin mutane suka sake da ni. Da rana aka kunna gawayi, amma naman da ake gasawa na alade ne, don haka gara mutum ya zo da guzurinsa kamar yadda na yi. Da lokacin azahar ya yi na tambaya, aka nuna mini famfo da wani wuri a bayan rumfa, na yi sallata ba wanda ya dube ni sau biyu.

Kafin a kira ni aka ba ni fom shafi ɗaya da Jamusanci. Suna, adireshi, ranar haihuwa, nauyi, da sa hannu cewa lafiyata ƙalau kuma an yi mini bayani. Na nemi a karanta mini sashen inshora a hankali, aka karanta. Dattijon nan ne zai tuƙa ni. Ya goya mini laimar sauka, ya ɗaure ta tamau a cinyoyi da ƙirji, ya nuna mini hannun da ake ja, ya ce doka ce ta ƙungiya a sa, kuma ita ce ma matashin da mutum ke jingina da shi. Da yake ni ba mai jiki ba ne, kuma kujerar gaba ta wannan jirgi tana bukatar aƙalla kilo 70, sai aka ɗaura wasu farantan dalma a gaban ƙafafuna don nauyi ya daidaita. Zaman kamar kishingiɗa ne, ƙafafu a miƙe, wurin kuma matsattse. Ya ja mini bel har na ji numfashina ya ɗan takura. Sannan ya nuna mini launuka: dunƙule rawaya na sakin igiya ne, hannu shuɗi na birkin fukafukai ne, ja na jefar da murfi ne idan an shiga haɗari. Ya ce: "Ɗana, duk ukun nan ba naka ba ne yau. Ka riƙe bel ɗin kafaɗarka da hannu biyu har sai na yi maka magana." Ya shiga kujerar baya, aka rufe murfi, zafi ya taso nan da nan.

Yaro ya maƙala igiya a ƙarƙashin jirgi, wani ya ɗaga bakin fiffike ya daidaita. Na ga igiyar tana jan ciki a cikin ciyawa a hankali har ta miƙe. Na karanta addu'ar hawa abin hawa. Abin da ya biyo baya ba wanda zai iya shirya maka shi da baki. Cikin daƙiƙa uku ko huɗu muka kai gudun kilomita 100 a sa'a, bayana ya manne da kujera, ƙarar taya ta ɗauke, hancin jirgi ya ɗaga har na daina ganin komai a gaba sai shuɗin sama, ƙafafuna sun fi kaina tsawo. Gabana ya yi ta faɗuwa. Dattijon yana ta magana a hankali daga baya, yana cewa in dubi gefe, in dubi bakin fiffike. Da na duba sai na ga ƙasa tana nisa a karkace. Ƙasa da minti ɗaya muka kai wajen mita 400, na ji wani ƙas a ƙarƙashina, jirgin ya ɗan yi sama, cikina ya yi sauƙi kamar an sauke ni da sauri, sai hanci ya sauko. Igiya ce ta saki. Wannan ƙarar da wannan sauƙin su ne ke firgita baƙo, don haka ku sani tun yanzu cewa haka abin yake, ba wani abu ne ya karye ba.

Daga nan sai shiru, ban da shuuu na iska. Muna magana ba ɗaga murya. Amma wannan tashin bai wuce minti shida ba. Dattijon ya laluba nan, ya laluba can, bai samu iskar da za ta ɗaga mu ba, muka sauka. Na fito ƙafafuna na rawa, ina murna, ina kuma jin abin ya yi kaɗan bayan duk wannan jira. Ya ce idan ina da haƙuri da kuɗin wani tashin, in jira har wajen ƙarfe 3, gizagizai sun fara kyau ta yamma da fili.

Tashin la'asar shi ne ya nuna mini dalilin da ya sa mutanen nan ke ba da duk ƙarshen makonsu. Muna sakin igiya ba da jimawa ba fiffiken dama ya ɗan ɗaga da kansa, na ji an tokare ni daga ƙasa, wata na'ura ta fara ƙara tana ƙara sauri. Dattijon ya kwantar da jirgin dama muka shiga zagaye. Yana zagayawa yana yi mini bayani: rana tana dumama ƙasa, amma ba daidai ba, gonar da aka girbe da rufin gidaje da dutse sun fi daji da fadama saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke kansu ta yi ɗumi ta yi sauƙi sai ta ɓalle ta yi sama, idan ta kai inda ta huce sai ta zama farin girgijen nan mai shimfiɗaɗɗen gindi. Jirgin kullum sauka yake yi a cikin iska, amma idan iskar tana hawa da saurin da ya fi saukarsa, sai ya hau tare da ita. Duk wanda ya taɓa ganin shirwa ko ungulu suna zagaye da rana tsaka ba su kaɗa fiffike ba, wannan iskar suke hawa. Muna cikin haka ma sai ga shirwar wannan yanki, mai jan jiki da wutsiya mai reshe biyu, tana zagaye ɗaya da mu a ɗan ƙasa kaɗan. Allurar na'urar da ke auna saurin hawa ta tsaya a wajen mita 2 a kowace daƙiƙa, muka yi ta hawa har muka wuce mita 1,200 daga fili, sanyi ya shigo ta ɗan tagar gefe. Kafin mu kai gindin girgijen ya fita, ya ce ba a shiga ciki.

Da muka miƙe sai ya ce in kama sandar tuƙi da yatsu uku, in sa ƙafa a kan matakai, in ji yadda yake yi, sannan ya sakar mini. Motsi kaɗan take so. Ka tura gaba hanci ya sauka iska ta ƙara ƙara, ka ja baya ta yi shiru. Akwai wani ɗan jan zaren ulu da aka manna a kan murfi ta waje, idan ya miƙe sosai to jirgi na tafiya daidai, idan ya karkace to hannu da ƙafa ba su jitu ba. Nawa bai daɗe a miƙe ba, amma dattijon ya bar ni har na yi juyi guda. Ya ce faɗin fukafukan mita 17 ne, kuma daga tsayin kilomita ɗaya jirgin zai iya tafiyar kusan kilomita 34 kafin ya taɓa ƙasa idan iska a tsaye take. Ya nuna mini Wasserkuppe da babban ƙwallon tsohuwar na'urar radar a kansa, ya nuna mini gabas ya ce can Thüringen ce, lokacin ƙuruciyarsa iyakar Jamus ta Gabas a nan take, kuma abin da aka fi tsorata su da shi shi ne kada iska ta kwashe su ta ƙetare da su. Na gane ƙauyenmu da hasumiyar coci, na gane rufin ɗakin shanunmu, har na ga gefen gonar da ruwa ke kwanciya ya fi sauran kore. Da muka sake shiga zagaye a karo na biyu sai zuciyata ta fara tashi, gumi mai sanyi ya karyo. Na faɗa masa nan take. Ya daina zagaye, ya ce in buɗe taga, in kafa ido can inda sama ta haɗu da ƙasa, in daina kallon waya. Ya lafa, amma muka yanke shawarar komawa.

Saukar tana da tsari, domin babu injin da za a sake tashi da shi idan an kuskure. A wajen mita 200 ya shiga layin da ke gefen fili, ya sanar ta rediyo, ya juya sau biyu, ya buɗe birki, wasu faranti suka fito daga saman fukafukai, jirgin ya fara nitsewa da ƙara. Ciyawa ta taso da sauri, muka shafe ta, taya ta yi ta gurnani, muka tsaya, fiffike ya kwanta. Mun yi kusan minti 40.

Biya a ƙarshen rana ake yi, bayan mai littafi ya haɗa lissafi. A wannan ƙungiya Yuro 35 ne kowane tashi da igiya har zuwa minti 15, abin da ya haura kuma ana lissafa shi da minti. Duka na biya ƙasa da Yuro 90. Kowace ƙungiya da farashinta, kuma idan jirgi mai inji ne zai ja ku sama maimakon igiya, kuɗin ya fi haka sosai, sai dai an fi samun tsayi da tabbacin daɗewa. Ban tafi ba sai da aka wanke ƙwarin da suka manne a fukafukai da soso, aka mayar da jirage rumfa. A nan ne na tambayi yadda ake zama matuƙi. Ana fara koyo tun daga shekara 14, ana karɓar lasin a 16. Sai ka zama ɗan ƙungiya, ka biya kuɗin shiga da na wata-wata da na kowane tashi, amma malamai ba a biyan su. Kafin ka tashi kai kaɗai sai likitan matuƙa ya duba ka ya ba ka takarda. Dokar Tarayyar Turai ta ce aƙalla sa'a 15 na koyo a sama, da tashi da sauka 45, da tafiyar kilomita 50 kai kaɗai ko 100 tare da malami, ga jarrabawar rubutu a darussa 9, ga takardar iya magana ta rediyo. A ƙungiyar ƙauye wannan yakan ɗauki shekara biyu ko fiye. Da sanyi kuma ba a tashi, sai aikin gyaran jirage a ɗakin gyara, wanda kowane ɗan ƙungiya ke da sa'o'in da zai cika.

Ga wanda zai gwada, shawarata ita ce ya buga waya ranar da suke fili maimakon ya zauna jiran saƙo, ya ware yini guda cur, kuma ya sa a ransa cewa za a iya fasawa bayan ya iso. Ya faɗi nauyinsa na gaskiya, don da shi ake daidaita jirgi. Ya tambaya tun a waya ko da igiya za a tashi ko jirgi ne zai ja, da abin da za a yi idan an sauko cikin minti biyar. Kada ya zaɓi ranar da yake azumi, domin zafin cikin murfi da zagaye suna galabaitar da mai ƙishirwa. Idan Jamusancinsa bai yi ƙarfi ba ya faɗa tun a ƙasa, a haɗa shi da matuƙin da za su fahimci juna, don a sama ba wurin kame-kame ba ne. Idan zuciyarsa ta tashi ya yi magana da wuri, ba abin kunya ba ne a wurinsu. Kuma ya sa hannu a tura jirgi. Wanda ya zo ya zauna a mota yana duba agogo za a ɗauke shi, amma ba zai samu dattijon da zai ce masa ya jira tashin la'asar ba.

Ni dai ban shiga ƙungiyar ba tukuna, domin alawus ɗin ɗan koyo da hutun mako bibbiyu ba za su ɗauki nauyin koyon tuƙi ba, kuma ba na so in fara abin da zan bari a rabi. Na yi magana da maigidana, ya ce idan na shiga shekara ta uku za a duba jadawalin tatsa. Kafin nan sun yarda in riƙa zuwa ɗakin gyara ranar Asabar da yamma daga watan Nuwamba, inda aikin farko da ke jira shi ne gyaran birkin tirela da sauya igiyar injin ja.